Ranar da aka tambayi mahaifina ko na iya ƙwallon raga

Shekarun baya, ina shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare a nan Doha, babu abin da ke cikin kaina sai ƙwallon raga. Allah Ya ba ni tsawo, amma jiki babu nama. Mahaifiyata takan ce ba ta san inda tuwon yake tafiya ba, kullum sai na nemi ƙari, kuma ina nan kamar sandar rake. To wannan tsawon da ake yi mini tsiya da shi a gida, shi ne ya sa kocin makarantarmu, wani ɗan Tunisiya mai faɗan tsiya, ya tsayar da ni a bakin raga ya ce aikina tsalle da dukan ƙwallo.

Tun cikin watan Agusta ake fara atisayen shirin shiga kakar wasa, kafin a koma makaranta. Duk wanda ya san zafin Doha a wannan watan ya san ba aikin mai hankali ba ne. Yawancin Hausawan da muka sani a unguwarmu ta Matar Qadim sun tafi gida hutu, mu kuwa muka zauna saboda ni. Ana idar da sallar asuba mahaifina zai tada mota ya kai ni makaranta a Madinat Khalifa, sannan ya wuce wajen aikinsa. Ba ma hira a hanya. Iyakarsa ya tsaya ya saya mini shayin karak, in zan sauka ya ce, "Kai, ɗauki ruwanka." Ciki kuwa koci na jiranmu da usur a baki. Mu haura bene mu sauko har ƙafa ta fara rawa, mu yi ta tsalle a kan akwati, shi kuma yana ta "Yalla, yalla!", wato maza-maza, kamar mun yi masa laifi.

A wannan shekarar ne koci ya ce mana wani tsohon abokinsa zai zo, Bature ne mai horar da 'yan wasa a wata jami'a a ƙasar waje. Yaro ɗaya yake nema, mai duka a bakin raga, wanda zai je ya yi karatu a can yana buga musu wasa. Kowa ya san maganar tsakanin mutum biyu take, ni da abokina ɗan Labanan. Ba yabon kai ba, na fi shi tsalle, shi ma ya sani. Abin da ya fi ni shi ne baki, kuma daga baya na gane gado ya yi.

Baƙon ya zo, ya yi 'yan kwanaki yana kallonmu daga gefe. Ni dai na zage. Har ƙwallon da ba nawa ba sai na bi shi, sau ɗaya na kusa yin karo da sandar raga. Ana gobe zai tafi ya ce yana so ya ga iyayen mu biyun. Koci ya yi mana bayani cewa mutumin ya sha ɗaukar yaro ya kai shi can, shekara ba ta ƙare ba iyaye su ce a dawo musu da ɗansu. Saboda haka ba ya ɗaukar kowa sai ya ji daga bakin uba.

Mahaifin abokina aka fara kira. Ina zaune a benci ina ɗaure takalmin da yake a ɗaure, kunnena na wajensu. Mutumin nan ya ciro waya, ya yi ta nuna bidiyon ɗansa tun yana ƙarami. Ya ce bai taɓa ganin yaro mai himma kamarsa ba, ya ce ko barci yake ƙwallo yake mafarki. Alhali ni na san sau nawa abokin nawa yake fakewa da ciwon ciki in an zo hawan bene.

Sai aka zo kan mahaifina, yana sanye da kayan aikinsa. Baƙon ya yi masa tambaya a fili: yaya yake ganin ɗansa, yana da himma, kuma gida na so ya yi wannan tafiyar?

A nan sai na ɗan yi bayani, saboda yaran da suka tashi a waje. Ni ɗan fari ne, iyayena kuma mutanen Katsina ne na ainihi. A wajensu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Mahaifina ba ya kiran sunana, balle ya yabe ni a gaban mutane. In baƙo ya ce yaron nan ya yi ƙoƙari, dole ya yi sauri ya rage maganar, shi kuma baƙon in Bahaushe ne ya san abin da ake nufi, sai ya yi dariya ya ƙara yabon.

Haka ya yi wa Baturen nan. Injiniya ne, Turanci ba matsalarsa ba ce, babu kalmar da ta ɓace a tsakani. Ya ɗan yi murmushi, bai ko kalli inda nake ba, ya ce, "Wannan? Ai in ba a tashe shi ba sai ya kai azahar yana barci. Ƙwallon nan wasa ne kawai, muna dai haƙuri da shi."

Ya tsaya yana jiran dariya. Baƙon bai yi ba. Ya gyaɗa kai, ya yi masa godiya da ya faɗi gaskiya, ya miƙa masa hannu. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Koci ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

Da muka koma gida na shige ɗaki na ƙi cin abinci, wanda a tarihin gidanmu ba a taɓa gani ba. Mahaifiyata ta matsa mini har na faɗa mata. Ita ma fa ba sunana take kira ba, amma ta fi shi sanin inda take zaune. Ina jin ta a falo tana cewa, "Haba Abbansu! A Katsina kake tsammanin kake? Mutumin nan zuwa ya yi ya auna yaro, ka ce masa barci ya iya?"

"To me zan ce? In zauna ina koɗa shi a gaban idonsa?"

"Ai shi wancan ya koɗa nasa."

Washegari mahaifina ya kai ni kamar kullum, amma maimakon ya wuce sai ya kashe mota ya bi ni ciki, ya ce yana son ganin baƙon. Koci ya ce ya riga ya wuce filin jirgi. Ya ce shi ma ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, amma mutumin ya ce ba zai ɗauki yaron da ubansa ke haƙuri da wasansa ba. "Khalas," in ji koci, wato shi ke nan, yana buɗe hannuwa. Mahaifina ya ɗan tsaya a tsakiyar fili, sannan ya juya ya tafi aiki.

Abokina ya tafi, kuma ya yi wasa sosai, har yanzu muna zumunci. Ni na buga kakar ƙarshe a makaranta, na shiga jami'a a nan Doha, na karanta abin da mahaifina ya karanta. Alhamdu lillahi, ban rasa komai na rayuwa ba. Amma ƙarya nake in na ce abin ba ya cina. Duk lokacin da na ga wasan jami'o'i a waya sai abin ya dawo mini sabo, don ban taɓa sanin iyakar inda zan iya kaiwa ba. Kuma na kasa riƙe mahaifina da laifi. Abin da aka koya masa a matsayin mutunci shi ya yi, a gaban wanda bai san da shi ba.

Ba mu sake tada maganar ba sai bayan na fara aiki. Wata Juma'a ina tuƙa shi zuwa Lusail gaida wani abokinsa, muka wuce wasu samari suna buga ƙwallon raga. Ya bi su da kallo har suka ɓace, sannan ya ce, "Da na san haka mutanen nan suke ɗaukar magana, da na faɗa masa gaskiya."

Na ce, "Wace gaskiya, Baba?"

Ya gyara hularsa, idonsa na kan titi, ya ce, "Ka iya mana. Ai duk cikinsu babu kamarka."

Na daɗe ina son jin wannan maganar. Da ta zo, daga ni sai shi a cikin mota, kuma gwiwata ta riga ta daina tsalle.