Birkin Motar da Ta Buge Auta

Garwashi ake kiransa a gareji. Bakanike ne mai hannu, amma in ransa ya ɓaci sai ka ga sifana ta tashi sama, kowa ya nemi mafaka. Matarsa ta daɗe da sanin kwanon da ba a ajiyewa kusa da shi.

Da furfura ta fara fito masa, ya soma bin ta coci. Bencin baya yake zama, hannu a harɗe, ba waƙa, ba amin mai ƙarfi. Shekaru suka shuɗe a haka. Ita da take gaba-gaba a zumuntar mata ta riga ta yanke cewa Maganar Allah a bakin kunnensa take tsayawa.

Sai wata motar haya ta buge autarsu a hanyar makaranta, ƙafa ta karye. Uwar tana jinya a asibiti, maƙwabciya ta shigo tana haki.

"Maman Auta, tashi! Direban ya je ba da haƙuri, Garwashi ya ja shi cikin gareji ya rufe ƙofa!"

Ta fita ko takalmi babu. Duk hanya abu ɗaya take gani: jini a ƙasa, mijinta a kurkuku.

Ta banko ƙofar. Ga motar a kan jak, an cire tayar gaba. Ga direban a tsugune, ko ƙwarzane babu, yana riƙe da fitila, jikinsa na ɓari. Ƙafafun mijinta kaɗai suka leƙo daga ƙarƙashin motar.

"Baban Auta! Me nake gani?"

"Birki," in ji shi. "Ya cinye tas. Haska nan, ɗana, ba hancina nake gyarawa ba."

"Ɗanka? Wanda ya karya maka 'ya?"

Mijin ya ci gaba da kwance birkin.

"Na ɗaga sifanar, ba zan ɓoye miki ba. Sai na tuna Wanda ya yafe mini. Kuma in motar nan ta fita haka, gobe 'yar wani ce."

Ta tsaya baki buɗe. Ita tun ranar hatsarin ba ta iya kai addu'a ƙarshe ba, kullum a kan yafe wa direban nan take maƙalewa.

Ta daɗe tana kallon direban. Yaro ne ashe, bai wuce sa'an ɗanta na fari ba.

"Kawo fitilar," ta ce da ƙyar. "Hannunka rawa yake yi."