Kunnuwan Kwikwiyon 'Yata

Har yau idan wani ya ce min ai kare kare ne, sai raina ya ɓaci. Namu daban yake, kuma mutum biyu ne suka lalata shi, mijina da wansa.

Lokacin muna zaune a Lafiya, tun tana cikin jihar Filato. Mijina yana koyarwa a firamare, ni kuma ina sarin gishirin Awe ina sayarwa a kasuwa. 'Yarmu ta fari shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, ƙafafun suka shanye. Da hannu take tafiya, silifas biyu a tafukanta, gwiwoyinta kullum a goge. Wata Baturiya da ke duba ta a asibiti, da za ta koma ƙasarsu, ta ba mu kwikwiyo ɗaya cikin waɗanda karyarta ta haifa. Gashinsa launin man shanu, ga kunnuwa faka-faka sun zubo har haɓa. Ta ce irinsu ba gadi suke yi ba, ɗauko abu suke yi, kuma bakinsu ba ya matse abin da ya ɗauka. Ta roƙe ni kada a dake shi.

Ban dake shi ba, ko da ya yi min fitsari a tabarma, ko da ya tauna takalmin da nake zuwa coci da shi. Da tsumma muka fara. 'Yata ta ƙulle shi ta jefa, ta ce "kawo", idan ya kawo ta ba shi ɗan ƙuli-ƙuli. Da farko sai ya gudu da tsumman bayan rumbu, mu yi ta dariya. Sannu a hankali ya gane muryarta. Ya koyi kawo silifas, ya koyi mataji, ya koyi kofinta na roba. Wata rana na sa masa ɗanyen ƙwai a baki daga kicin, ya kai shi cinyarta bai fasa ba. Ta daina ja da ciki a kan tsakuwa don abu kaɗan, gwiwoyin suka fara warkewa.

Ana haka wan mijina ya zo daga Agyaragu da doya. Yana shigowa kwikwiyon ya tare shi yana kaɗa wutsiya.

"Matarmu, wannan kare ne ko rago?" in ji shi. "Ɓarawo ya zo sef, zai raka shi har get."

Na ce, "Yaya, ba na gadi ba ne. Na yarinya ne, aike take yi da shi."

"Yarinya ya rasa masu aike ne? Ka bar ni da shi, zan gyara maka."

Na ce kada ya taɓa shi, na maimaita a gaban mijina. Washegari na tafi Awe sarin gishiri, na kwana can.

Da na dawo, jini na fara gani a gindin mangwaro. An yanke wa kwikwiyon kunnuwa da aska, an shafe da toka. An daka rina da barkono an cuɗa masa a tuwo wai don zuciyarsa ta yi zafi, sannan aka kulle shi a akurkin kaji don kada ya saba da mutane. Haka suke yi wa karnukan farauta a ƙauye, kuma wan mijina yana zaune yana jira in gode masa.

Ban gode ba. Na kwashi doyarsa ɗaya bayan ɗaya na jefa waje. Ya miƙe yana cewa ba a taɓa yi masa haka ba, na ce yau an yi. Na juya kan mijina na tambaye shi ina yake lokacin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wana ne, ya zan yi?" Ashe shi ne ma ya riƙe ƙafafun kwikwiyon.

Abin da ya fi ƙona min rai daga bakin 'yata na ji shi. Da kwikwiyon ya ga aska ya shige ƙarƙashin rumbu, ya ƙi fitowa. Sai suka ce mata magani za su sa masa, ta kira shi. Ta kira, ya fito da gudu ya kwanta a cinyarta. Daga nan suka ɗauke shi.

Na yi jinyar kunnuwan har suka warke. Bai zama mai zafin ba, rinar ba ta yi komai ba, matsoraci kawai ya zama. Na dawo da tsumma da ƙuli-ƙuli, na ce mu sake daga farko. Daga hannuna yana karɓa, daga nata ba ya karɓa.

Wata rana da tsakar rana ina tankaɗe, na ga 'yata ta cire silifas ɗaya daga hannunta ta jefa tsakar gida. Ta yi murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kawo." Yana jin muryarta ya ja da baya, ya shige ƙarƙashin rumbu. Ta jira, ta sake cewa, bai fito ba. Sai ta dafa ƙasa da hannun da ba takalmi, ta ja jiki a kan tsakuwa mai zafi ta je ta ɗauko da kanta.