Rubutun Fensir na Dona Zulmira

Har yau idan na bi ta gaban gidan tarihin garinmu, Santa Eulália, kau da kai nake yi. Shekara uku ke nan ban huce ba, kuma ba ni da niyyar hucewa. Abin da aka yi wa Dona Zulmira Peixoto ne yake ci mini rai.

Yawancin mutanen gari sun san ta a matsayin tsohuwa mai yin alewar ƙwai tana kai wa gidajen biki. Da wannan ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Amma kafin tukunya ta yi wani aikin. Uwarta ce take wanki a gidan Maestro Laudelino Brum, gwanin kiɗan garinmu, shi kuma ya ga yarinyar ba ta motsi idan yana kaɗa piyano. Ya koya mata karanta takardar kiɗa, ya zaunar da ita a hagunsa tana juya masa shafi. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin.

Ba ku san Maestro Laudelino ba, na sani. Ko a Porto Alegre, babban birnin jiharmu, ba su san shi ba. Ya tsara kiɗan piyano guda arba'in da ɗaya, da wani na mutum uku, piyano da goge da babban goge, kuma ba wanda ya taɓa shiga maɗaba'a. Kiɗansa mai nauyi ne, yana ɗaukar mutum a hankali har ya kai shi bakin kuka, sai ya yi shiru ya bar shi a wurin. Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, babban goge nake ja, kuma ban taɓa gama sashen tsakiya na kiɗan nan na mutum uku da busasshen ido ba.

Da ya tsufa hannunsa ya fara rawa, sai ya koma faɗa, Zulmira tana rubutawa a gefen shafi. Nan a ja numfashi. Nan hannun hagu ya yi ƙasa-ƙasa. Nan kada a yi sauri ko da gida na cin wuta. Da fensir ta rubuta, don makaɗi ba ya sa tawada a takardar kiɗa. Shekara biyar suna wannan aiki. Da ya rasu a 1931, iyalansa suka ba ta takardun a akwati, ta ajiye su ƙarƙashin gado.

Muna taruwa a falonta duk Lahadi da yamma, mu sha shayin ganyen mate, mu kaɗa abin da muka iya. Mai piyanonmu, Seu Belarmino na kantin magani, guda huɗu kawai yatsunsa suke ɗauka. Sauran talatin da bakwai ba kunnen da ya sake jin su. Kullum cewa take, "Mai hannu zai zo. Komai na nan a rubuce."

Mai hannun kuwa ya zo. Wani matashin gwani, Glauco Sampaio, ya ji labari ya aiko da wasiƙa cewa zai zo ya koya. Nan take shugaban gidan tarihi, Doutor Osvaldino, wanda bai taɓa taka falon ba, ya tuna da Maestro. Ya zo da furanni ya ari takardun don baje koli. Ni na ce mata ta ba shi. Ni, da bakina. Kuma ban yi tunanin a ɗauki hotonsu ba tukuna, wannan kam da shi zan shiga kabari.

Ranar da Glauco ya iso muka raka shi gidan tarihin. Takardun suna jere cikin gilashi, fes da su. Dona Zulmira ta sunkuya, ta gyara tabarau, ta sake sunkuyawa.

"Doutor, ina rubutun gefe?"

Ya yi murmushi har da gyara wuyan riga. "Kin gani ko? Mako biyu muna fama da kilina. Wata yarinya ce ta ɓata su da jagwalgwalo, ko haruffa ba ta iya ba. Yanzu ga hannun Maestro tsantsa."

"Ni ce yarinyar," in ji ta.

Na ji kaina ya yi zafi. Na ce, "Kai Doutor, digirin naka a kasuwa ka saya? Ba ka karanta abin da kake sharewa ba?"

"Seu Anacleto, a yi magana da ladabi. Ƙa'idar adana tarihi ce."

"Ƙa'idar banza! Kilomita nawa ne daga nan zuwa gidanta? Tambaya ɗaya ta gagare ka?"

Dona Zulmira ta dafa hannuna. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ni na yi alewar bikin uwarka. Da na san abin da za a haifa, da gishiri na zuba. Buɗe gilashin nan ka ba ni kayana." Bai yi musu ba.

Washegari da safe Glauco ya zauna gaban piyanonta, ita tana hagunsa da sabon fensir. Yaron kirki ne, ya ce, "Iya, kada ki damu. Ina kaɗawa, ke kuma kina tunawa." Na farko ta tuna shi kaf, har tana buge masa hannu tana cewa, "Ina za ka da gudu, kare ne ya biyo ka?" Muka yi dariya. Na biyu da na uku ma haka. A ranar na fara jin abin da garinmu ya yi shekara sittin yana kwance a kai bai sani ba, sai haushina ya ƙaru.

Kwana tara suka yi. Wasu ta tuna rabi, wasu layi biyu. A na goma sha huɗu, wanda ta sha gaya mana Maestro ya fi so, Glauco ya kai tsakiya ya tsaya.

"Nan fa, Iya? A ja, ko a wuce?"

Ta kai fuskarta kusa da takardar, ta karkata ta wajen taga ko sawun fensir zai nuna. Doutor ya iya aikinsa, bai bar komai ba. Ta shafa gefen shafin da yatsa.

"Ya faɗa mini wani abu a nan. Har sau biyu ya faɗa, ya sa na ja layi a ƙasa."

Muka jira. Seu Belarmino ya sunkuyar da kai.

Ta ajiye fensir a kan piyano. "Kaɗa yadda ka ga dama, ɗana," in ji ta. "Ba wanda ya rage da zai ce ka yi kuskure."