Tukunyar Dada Altine, Wadda Ba Gishiri

Ranar Talata, sha biyar ga Maris na 2022, likita ya hana matata Adawiyya gishiri da mai da magi. Ciwon zuciya ne da hawan jini. Ya miƙo mini takarda ɗaya da Faransanci, ya ce shi ne rejim, wato tsarin abincin da za ta bi. Shekara talatin na yi ina koyarwa a Yaoundé, ban zaci takarda ɗaya za ta gagare ni ba. 'Ya'yanmu suna Douala, sai na shiga madafa da kaina. In tafasa ƙirjin kaza awa guda, in zubar da romon don tsoron kitse, in dafa shinkafa da ruwa tsura. Abin da ke fitowa sai ka ce tsumma. Wata uku Adawiyya tana cin loma biyu ta juya fuska bango. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Maƙwabciyarmu Hamsatu ce ta kawo kwanon farko daga rumfar Dada Altine mai sayar da abinci. Adawiyya ta cinye, ta suɗe yatsa.

Duk unguwarmu ta Briqueterie an san masu tsire, har daga manyan unguwanni ake zuwa da mota a shaƙi hayaƙinsu. Ba wanda ke zuwa da mota wajen Dada Altine. Shekara ashirin da shida tana fita bayan asuba zuwa kasuwar Mokolo, ta zaɓi kajinta da hannunta, ta dawo ta ɗora tukunya biyu: ɗaya ta masu lafiya, ɗaya ta waɗanda likita ya ƙwace wa daɗin baki. Ku tambayi Njidda direban tasi mai ciwon sukari, wanda take rage wa shinkafa ta cika masa ganye, yana mita tana ƙin ji.

Ni kuwa a kwana na huɗu da fara zuwan kwanon na je rumfar, gaban masu cin abinci, na ce tana zuba gishiri a ɓoye, za ta kashe mini mata. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Faransanci.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam Nu'man, zauna. Ku ba shi benci, masu karatu ba sa jure tsayuwa."

A gabana ta yi komai. Cinya take amfani da ita, ba ƙirji ba. Ta feɗe fatar, ta jiƙa naman tun safe cikin kindirmo da citta da tafarnuwa da masoro. Ta tafasa ƙasusuwa, ta bar romon ya huce, ta kwashe kitsen da ya taso da ludayi. Ta dafa albasa a hankali cikin ɗan romo har ta yi ja. Shinkafa ta shiga romon, kaza a samanta, ganyen ayaba ƙarƙashin murfi, wuta kaɗan. Na kai hannu zan leƙa, ta buge shi.

"Wanda ya buɗe mini tukunya kafin lokaci, mun ɓata. Kai ina kake kai romonka?"

"Kwata."

Ta daɗe tana kallona. "Allah ya ji ƙan kajin da suka mutu a hannunka."

Da ta sauke, ta bar tukunyar rufe wajen minti goma, sannan ta matse lemun tsami. Ta ce shi ke sa harshe ya manta da gishiri. Na ɗanɗana. Naman na rabuwa da cokali, shinkafar ta sha romo. Na tashi na tafi. Washegari kwano ya iso gidana kamar kullum.

Adawiyya ta ƙara wata goma sha huɗu a duniya, kuma ba da yunwa ta bar ta ba. Na karanta littattafai da yawa kan jinƙai, ban ga marubucin da ya yi wa matata abin da ya kai haka ba.

Ke ce, Dada, uwar waɗanda aka hana. Ke ce kika ƙi yarda mara lafiya ya ci abinci kamar horo. Na gode, Allah ya saka miki da alheri.

Yanzu gwiwoyin Dada sun gaza. Ranar Asabar za ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré wajen 'yarta, kuma ba wanda ya tsaya ya koyi tukunya ta biyu. Kwana huɗu suka rage. Duk mai mara lafiya a gida, mace ko namiji, ya je ya zauna a bencin nan. Ba ta ɓoye komai.

Sau uku na je a makon nan, na kasa zama a gida, na kasa magana a can. Jiya na buɗe baki, ta riga ni: "Ka rame, Malam. Ɗauki kwanon can ka tafi, layi kake tare mini."

Ba ta karanta boko. Shi ya sa nake iya rubuta wannan. Dada, ranar da na ci mutuncinki na san babu gishiri a ciki, don na ɗanɗana kwanon tun daga na farko. Wata uku ina dafa mata tana ƙi, ke kika dafa ta ci. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan. Ki yafe mini.