Lallen Yaya Habi

Shekarar da Yaya Habi ta zo goyon ciki na riga na yi wayo, don har ana aikena gona da abincin masu tsinkar tumatir. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ruwan Tiga ya riga ya canza mana zama. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kuma da rani, lokacin da wasu garuruwa suke a bushe, mu ko'ina kore ne shar: alkama, albasa, tumatir. Ruwa yana gudu a kanal ba dare ba rana, sauro ya samu wurin zama, sanyi kuwa da yamma ta yi sai ya taso daga gonaki ya shigo har cikin ƙashi.

Ni da Yaya Habi a hannun Iya muka tashi, mahaifiyar Innarmu, a gidan Kawu Sale. Innarmu wajen haihuwa ta rasu, ita da abin da ke cikinta. Ina ƙarama ƙwarai a lokacin, ko kamanninta ban riƙe ba. Yaya Habi kuwa ta girme ni sosai, ta riƙe komai.

Da an ci tuwo an yi isha'i, Iya takan hura wutar kara a kasko a tsakar ɗakinta, mu kewaye ta da 'ya'yan Kawu, kowa ya miƙa tafin hannu. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara zama ta ce, "Na tsinto wata a bakin ruwa, a ba ta wuri?" Mu kuma mu haɗa baki, "A ba ta tabarma!" Tun da Yaya Habi ta zo daga gidan mijinta a Bunkure, ita ma takan zauna tare da mu, a can gefe, ta rufe cikinta da mayafi saboda kunyar cikin fari.

Cikin ya tsufa. Ƙafafunta sun kumbura, in ta zauna hannunta ba ya kaiwa yatsun ƙafa. Kitsonta ya yi buzu-buzu, farcen ƙafa ya yi zaƙo-zaƙo, dunduniya duk ta yi faso. A wurinmu, in watan haihuwa ya kama, akan yi wa mace gyara. A tsefe kai a wanke, a yi kitso ƙanana wanda zai kai ta arba'in, a yanke farce, a goge kaushi, a yi ƙunshi. Akwai kuma wanda ba a faɗa a gaban yara, wato aske gashin hammata da na mara, saboda tsabta da jinin biƙin da zai biyo baya. Mai tsohon ciki ba ta ganin wurin, balle ta sa wa kanta reza. Dole sai wata babba wadda ta yarda da ita.

Ranar kasuwar Bunkure Iya ta sa Kawu ya sayo sabuwar reza da sabulun salo. Lalle kuwa da kanta ta tsinko a bayan gida, ta shanya, ta daka. Amma duk sanda ta kira Yaya Habi, sai ta ce gobe. Gobe ta yi, ta ce jibi. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke a tsakar gida, Iya ta fito da lallen a kwaɓe.

"Habi, taso in tsefe miki kan nan tun da sauran rana."

"A bar shi, Iya."

"A bar shi har yaushe? Wata ya kama. Ko so kike ungozoma ta zo ta same ki haka?"

Yaya Habi ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin zanenta. Da ta ɗago, idonta ya cika da hawaye.

"Haka kika yi wa Inna. Ina gani kika yi mata kitso, kika yi mata ƙunshi. Ba a daɗe ba aka ce in shiga in yi mata addu'a. Da na shiga, ƙafarta na fara gani, ja wur. Ni ba zan yi kwalliyar tafiya ba, Iya."

Innarmu ce 'yar Iya ta fari, ko tana da rai ba ta kiran sunanta, bayan ta rasu kuwa ko zancenta ba ta yi. Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar lallen, ta shige ɗaki. Yinin ranar ba ta fito ba sai don alwala.

Mun ɗauka yau babu tatsuniya. Amma da lokaci ya yi sai muka ji ƙamshin hayaƙin kara. Muka shiga muka zauna. Yaya Habi tana kwance a gadon Iya, ta juya fuska bango. Iya ta daɗe tana tona wuta da tsinke kafin ta ce ta tsinto wata a bakin ruwa, kuma muryarta a dushe take.

A wani gari, in ji ta, ba a haihuwar 'ya'ya, ɗaukowa ake yi. Akwai wani babban kogi a gabas da garin, a tsallakensa ake ajiye jarirai. Duk matar da lokacinta ya yi, ita kaɗai za ta shiga ruwan, ba uwa, ba miji, ba ƙawa. A bakin mashigin akwai wata tsohuwa da 'yar bukkarta. Aikinta shi ne ta zaunar da mai tafiya, ta yi mata kitso, ta aske mata abin da ake askewa, ta yanke mata farce, ta shafe ta da man kaɗanya, ta ƙunsa mata lalle.

Ran nan wata yarinya ta zo. Ta ga tsohuwa ta shimfiɗa tabarma, sai ta tsaya daga nesa ta ce, "Tsohuwa, in kin gyara ni zan dawo da ɗa?" Tsohuwa ta ce, "Ban sani ba." Ta ce, "To ni kaina zan dawo?" Tsohuwa ta ce, "Wannan ma ban sani ba. Na gyara waɗanda suka dawo, na gyara waɗanda ba su dawo ba." Yarinya ta ce, "Ashe aikin banza kike yi." Ta wuce ta faɗa ruwa.

Ba ta yi nisa ba ciyawar ruwa ta sarƙe mata gashi, ta ja ta baya. Fason ƙafarta ya cika da yashi, ta kasa takawa. Ta yi ta kokawa tana waƙa. A nan Iya ta rera mana, a hankali:

"Ruwa sake ni, ruwa sake ni,
Ba naka na zo ɗauka ba."

Da ƙyar ta koma gaɓa, tana rawar sanyi tana kuka. Tsohuwa ba ta yi mata faɗa ba. Ta hura wuta, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta fara tsifa. Yarinya ta ce, "Tunda ba ki san komai ba, don me kike yi?" Tsohuwa ta ce, "Kogin ba nawa ba ne, ba ni da iko da shi. Tabarmar nan ce tawa. Ba zan iya shiga ruwa tare da ke ba, to bari hannuna ya bi ki. Duk wanda ya gan ki, a wancan tsallaken ko a wannan, zai san kina da mutane."

Gari ya waye, yarinya ta shiga ruwa. Ciyawa ta lalubi gashinta ba ta samu abin kamawa ba. Ta haye. Mai tsaron jarirai ya dube ta tun daga kai har ƙafa, ya ce, "Wannan 'yar gata ce, a shimfiɗa mata."

Iya ta koma tona wuta. Muka jira. Wani ɗan Kawu ya ce, "Iya, ta dawo?"

"Ta dawo."

Na ce, "Da ɗan?"

Ta dubi garwashin da ya fara yin toka. "Nan tatsuniyar ta kufce mini ta koma ruwa inda na tsinto ta. Ku tashi, wuta ta mutu."

Mun fita muna gunaguni, don ba mu taɓa jin tatsuniyar da ba ta da ƙarshe ba. Ina bakin ƙofa na ji gadon ya motsa, na kuma ji Yaya Habi tana jan hanci.

Washegari da safe ita da kanta ta fito da mataji a hannu. Ta durƙusa da ƙyar a gaban Iya ta ce, "Ga ni, Iya. Ki yi haƙuri da maganar jiya." Iya ta ce, "Wace magana? Dije, ɗora mana ruwa." Ni ce Dije. Da ruwan ya yi ɗumi aka kore mu duka waje, Iya ta saki labule. Ba mu ga komai ba, sai ƙarar ruwa a kwano da magana ƙasa-ƙasa. Can na ji Yaya Habi ta yi dariya, dariyar da rabon in ji ta tun zuwanta. Bayan azahar suka fito inuwar darbejiya aka yi kitso. Iya ta ɗora ƙafafun nan masu kumburi a cinyarta, ta goge kaushin da dutse, ta yanke farcen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙunsa lalle ta naɗe da ganye da tsumma. Da aka kwance, ya kama jajir, hannu da ƙafa. Matar Kawu ta ce ko ranar aurenta Habi ba ta yi kyau haka ba.

Ba a cika mako ba naƙuda ta zo. Ta yini, ta kwana, ta sake yini. Ungozoma ta yi iyakar yinta, daga baya ta ce a nemi mota a kai ta asibiti. Kawu ya roƙi wani mai a-kori-kura da ya zo lodin tumatir, aka sauke kwanduna, aka shimfiɗa katifa. Iya ta hau ta rungume kan Yaya Habi. Na tsaya a bakin kanal ina kallon motar tana tangaɗi a kan hanyar gona har ta ɓace.

Sun dawo da ita da ranta. Kawu ne ya fara saukowa, riƙe da wani abu naɗe a zane, bai shigo da shi cikin gida ba. Namiji ne, aka ce, bai zo da rai ba. Maza suka wuce da shi maƙabarta. Ragon da mijinta ya turke a Bunkure ba a yanka shi ba.

Duk da haka sai da aka yi wankan jego, safe da yamma. Iya ce take tafasa ruwan, ita take dama kunun kanwa. Mata suna ta shigowa gaisuwa, kowa na cewa Allah ya sa mai ceto ne. Yaya Habi tana zaune da sabon kitso, da jan lalle, hannuwanta a kan cinya babu abin riƙewa. Abin ya ci mini rai. Wata rana na sami Iya tana hura wutar wanka, na ce, "Iya, tsohuwar bakin kogi ƙarya ta yi."

Ba ta waiwayo ba. "Me ta ce zai faru?"

Na yi tunani. "Cewa ta yi ba ta sani ba."

"To."

Ta ci gaba da tura kara a murhu.

Sai da na girma, na ga mata da yawa sun shiga wannan ruwan, na shiga ni ma, sannan na gane cewa a gidan nan babu wanda ya kai Iya tsoro. Ta taɓa gyara 'yarta da hannunta, ta kuma ga an fita da ita. Ga jikarta ta faɗa mata maganar da ta fi kowace ciwo. Da ta so, da ta rantse mata cewa lafiya za ta sauka, da kuwa Yaya Habi ta yarda tun ranar farko. Ba ta yi ba. Ta ƙi yin alkawarin abin da ba a hannunta yake ba, ta sake ɗaukar reza da lalle ta yi wanda yake a hannunta. Ban san ƙarfin halin da ya wuce wannan ba.

Yaya Habi ta haifi wasu daga baya, sun rayu, har ta aurar. Bayan rasuwar Iya da shekaru na kai mata ziyara Bunkure, na same ta tana yanka tumatir za ta shanya. Hira ta kai mu ga wancan ranin. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sanin yarda da gyaran.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Dije, a asibiti mutanen da ban taɓa gani ba suka buɗe ni. Ina tsakanin rai da mutuwa, amma ban ji na wulaƙanta ba. Da muka dawo kuma, kowa gaisuwar yaro ya zo yi. Iya ce kaɗai ta yi shiri domin ni."

Ta dubi farcenta, ta ce lallen fata bai daɗe ba ya goge, amma na farce ya yi watanni. Farce yana tsirowa fari daga ƙasa, jan yana matsawa sama, tana yankewa kaɗan-kaɗan. Kullum in ta duba sai ta ce a ranta, lokacin da aka sa wannan yaron yana motsi a cikina.

"Ranar da na yanke jan ƙarshe," in ji ta, "ban iya zubarwa ba. Na ƙulle shi a ƙyalle, na je gida, na tona rami a bayan ɗakin Iya na binne. Kin san ban ga fuskarsa ba, ban kuma san inda suka sa shi ba. Ina cikin mayar da ƙasa sai na ji mutum a bayana. Iya ce. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta durƙusa ta taya ni rufewa."