Ƙuli-ƙulin Rogo a farantin Baturkiya

"Ke! Haka za ki mayar mata da farantin wayam?" in ji Zainab, 'yar Karaye da muke ɗaki ɗaya, wadda ta riga ni zuwa karatu Turkiyya.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta kawo mana abinci. Ashe a nan ba a mayar da faranti babu komai a ciki.

Na duba ɗakin, babu abin kirki sai ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙullo min daga garinmu Rogo. Na zuba mata cike da kunya, ina tausayin haƙoranta.

Washegari sai ga ta da farantin. Jama'a, ta daka ƙuli-ƙulin, ta yanka latas da tumatir da albasa, ta cakuɗa da mai! Kwaɗo sak, kuma wallahi ba wanda ya koya mata.

Na kira Inna ta bidiyo na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Tambaye ta, anya kakarta ba 'yar garin nan ba ce?"

Har yau farantin nan bai daina zirga-zirga tsakaninmu ba. Ku da kuke karatu a waje, me kuka taɓa zuba wa maƙwabta?