Kujeru Ɗari Biyu a Sabon Gari

Alhamis: Jos zuwa Kano

Mun tashi daga Jos ranar Alhamis da ƙarfe biyar da kwata na asuba, mu bakwai a bas ɗin haya: ni Bitrus, da direba Malam Sani, da mawaƙan bishara biyar da nake nema wa wuraren wasa. Ba ƙarƙashin wata coci suke ba, cin gashin kansu suke yi. Rifkatu ce jagora. Dauda shi ne mai fiyano, kuma shi ke tsara kiɗa duka.

Kafin mu tashi Dauda ya gaya mana gaskiya. Wani otal a Abuja ya ba shi aikin kaɗa wa baƙi fiyano, an ba shi zuwa Litinin ya amsa. “Shekara uku muna yi wa kujeru waƙa,” in ji shi. “Idan Kano ma haka ne, ku yafe mini.” Kowa ya san in Dauda ya tafi, ƙungiyar ta watse.

Bakwai da rabi muka tsaya Saminaka, muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. A shingen da ke bakin dajin Falgore wani soja ya sa aka buɗe jakar jita, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya ce, “Wa ke waƙar?” Rifkatu ta yi masa baiti guda. Ya ɗaga mana hannu. Muka wuce Tudun Wada, muka hau babban titi a Kwanar Ɗangora, muka shiga Kano sha ɗaya da minti arba'in.

Masaukinmu ɗakin baƙi ne na wata coci a Sabon Gari, ɗaki biyu, fanka ɗaya mai aiki. Zauren da na kama yana bayansa, kujeru ɗari biyu, wasa ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma. Na tambayi mai kula da zauren mutum nawa suka karɓi katin shiga. Ya ce sha tara.

Ban gaya wa Dauda ba.

Alhamis da yamma: Kantin Kwari

Ni na yi shekara goma sha ɗaya a gidan rediyo, talla kuwa na yi ta yadda na iya. Na buga fosta, na naɗi sanarwa ta daƙiƙa arba'in da muryata na watsa a waya, na tsara shirin minti-minti. Ban ga inda na yi kuskure ba.

Ƙarfe uku ni da Rifkatu muka hau adaidaita sahu zuwa Fagge, don sayen yadin rigunan wasa. An yi mana kwatancen shagon Alhaji Bukar, dattijo ɗan asalin Borno wanda ya daɗe a Kwari. Yana auna yadi ya tambaye mu bikin me ake yi. Na miƙa masa fosta. Ya karanta har ƙasa.

“Jibi? A Sabon Gari?”

“Jibi, Alhaji.”

“Malam Bitrus, wannan taron naka ba zai cika ba.”

Na ce, “Alhaji, yaya aka yi ka sani?”

Ya nuna wani tarin atamfa shuɗiya a bayansa. “Wannan ankon zumuntar mata ne na coci huɗu. A wurina suke saye tun ina da baƙin gemu. Duk taron da za su je, sai an zo nan ana gobe ana jibi, wannan ɗankwalinta ya koɗe, waccan sabuwar shiga ce. Makon nan ko ɗaya ban gani ba. Ka gaida Mama Saratu?”

“Na aika mata sanarwa ta waya.”

Alhaji ya ajiye almakashi. “Ta waya! Ni da nake Alhaji, in zan yi mata maganar kaya, da ƙafata nake zuwa.” Ya yage gefen kwali ya zana mana kwatancen gidanta. “Ku je da safe, kafin a tare hanya don Juma'a. Kuma kada ka fara da maganar fostarka.”

Juma'a: gidan Mama Saratu

Mun isa tara da minti goma. Mama Saratu tsohuwar ungozoma ce, ita ke shugabantar zumuntar matan cocinsu, sauran shugabannin kuma ba sa tsallake maganarta. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta tambayi Jos, ta tambayi sanyi, ta tambayi iyayen Rifkatu har ta gano ta san gwaggonta. Sai da muka sha kunun zaƙi ta ce, “Kai ne mai muryar nan ta waya?”

“Ni ne, Mama.”

“Murya kam akwai. Ba ni takardar shirin.”

Ta sa tabarau ta bi layi-layi. “Huɗu daidai addu'a. Huɗu da biyar waƙa ta ɗaya. Huɗu da sha ɗaya waƙa ta biyu. Ɗana, labaran duniya za ka karanta?” Ta juya takardar ta duba bayanta. “Ina wurinmu?”

Na ce an keɓe musu layi uku na gaba.

“Mu zauna mu yi kallo? Mu ba ma zuwa kallo. In an gayyaci zumunta, zumunta ce ke buɗe taro da waƙa. In muka fito, mazanmu sun fito, 'ya'yanmu sun fito. In ba mu cikin takarda, ba a gayyace mu ba ke nan.”

Wannan shi ne kuskurena. Na ɗauke su masu sauraro, kamar waɗanda nake yi wa magana ta bayan gilashin ɗakin rediyo. Na ciro biro, na soke waƙoƙinmu biyu, na rubuta zumuntar mata, minti goma.

Mama ta kalli Rifkatu. “Minti goma, wai.” Suka yi dariya su biyu. Ta jawo wayarta ta fara kira, mu kuma muka yi sallama.

Da na gaya wa Dauda an cire waƙa biyu, ɗaya ma tasa ce, sai ya ci gaba da goge fiyanonsa.

Asabar: zaure

Ƙarfe huɗu daidai na ƙirga mutum ashirin da shida. Dauda ya leƙo ta bayan labule, ya koma. Huɗu da kwata, talatin da ɗaya.

Huɗu da minti ashirin da biyar muka ji kiɗan tulu daga titi. Suka shigo a jere cikin shuɗin anko, suna waƙa, masu caki a gaba, Mama Saratu a tsakiya, jama'a na biye da su. Kafin su kai gaban zaure layin baya ya cika, mai kula da wurin ya tafi aron benci.

Minti gomansu ya zama arba'in da biyu. Agogo na hannuna, ban ɗaga shi ba. A waƙarsu ta uku na ji fiyano ya shiga a hankali yana bin tulu. Babu wanda ya sa Dauda. Da Rifkatu ta karɓi makirfo, matan ba su zauna ba, suka tsaya suna yi mata amshi har waƙar ƙarshe. Muka tashi bakwai saura kwata.

A ƙofa shugabannin zumunta biyu suka nemi mu zo taronsu na shekara. Na ce zan zo da kaina mu zauna. Mama Saratu ta ce, “Ka fara koyo.”

Lahadi: komawa

Bayan sujada a coci muka kama hanya sha ɗaya da rabi. Na so in biya in gode wa Alhaji Bukar, lokaci bai bari ba, sai na kira shi na ce masa zaure ya cika. Ya ce, “Na riga na sani. Ɗankwali tara na sayar ranar Juma'a bayan masallaci.”

Ruwan sama ya tare mu a Falgore, muka yi tafiyar a hankali. Mun shiga Jos biyar da minti hamsin, kowa lafiya. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Malam Sani, da Alhaji, da Mama da matanta.

Ranar Litinin, ranar da Dauda zai ba otal ɗin Abuja amsa, muna da gwajin waƙa ƙarfe huɗu. Dauda ya riga kowa zuwa, ya zo da sabon tulun kiɗa a bayan babur.